Shin Da Gaske Akwai Hannun Roba Mai Bin Umarnin Ƙwaƙwalwa?

Wani bawan Allah daga Argungu ya rubuto cewa injin casar shinkafa ya kama hannun daman ƙanensa mai shekara 26 a kakar bana, har likitoci suka yanke hannun ƙasa da gwiwa, yau wata biyu ke nan. Ya ce ya ga bidiyo a Facebook na wani mutum yana motsa yatsun hannun ƙarfe da tunani kawai, aka ce ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar kwamfuta mai koyo da ake kira AI, ce ke yin aikin. Yana son ya san ko abin gaskiya ne, domin dangi sun fara shawarar sayar da fadamarsu guda a fitar da yaron waje. Ya kuma tambaya ko irin wannan fasaha za ta amfani mahaifiyarsu da ke fama da shanyewar ɓarin jiki.

Malam, kafin komai ina yi muku jaje. Allah Ya ba ƙanenka lafiya, Ya sa abin da ya same shi ya zama kaffara, Ya kuma kawo wa Hajiya sauƙi. Aikina shi ne gashin ƙashi da horar da waɗanda suka rasa wata gaɓa, kuma da wuya kaka ta wuce ba mu karɓi matashi mai irin wannan rauni daga fadamun jihar nan ba, saboda haka tambayarka ba baƙuwa ba ce a wurina. Abin da ka gani gaskiya ne, ba siddabaru ba ne, amma ina roƙonku kada ku sayar da fadamar nan yanzu. Abin da zai sa ƙanenka ya amfana da kowane irin hannu, mai araha ko mai tsada, yana nan a jikin dungun da ya rage masa, kuma kulawar da dungun zai samu a watannin nan ita ce za ta nuna inda za a kwana.

Idan mutum ya yi niyyar dunƙule hannu, saƙon yana tashi ne daga wani yanki na saman ƙwaƙwalwa, ya gangaro ta laka, ya bi jijiyoyin saƙo har ya isa tsoka, ita kuma ta tsuke. Yawancin tsokokin da ke lanƙwasa yatsu da miƙar da su ba a tafin hannu suke ba, suna tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu ne, daga can suke jan yatsun da wasu igiyoyi masu ƙarfi kamar yadda mahayi ke jan linzami. Wannan shi ya sa wanda aka yanke wa hannu ƙasa da gwiwa yake da babban rabo a cikin rashin da ya yi, domin ƙwaƙwalwarsa ba ta daina aiko da saƙo ba, kuma wani sashe na tsokokin da ke karɓar saƙon yana nan da rai. Idan raunin ya warke, ka gwada da kanka. Ka ɗora yatsunka biyu a kan dungun ta ɓangaren ciki, ka ce ya rufe ido ya dunƙule hannun da babu, za ka ji tsoka ta taso ta yi tauri a ƙarƙashin yatsunka. Ka mayar da yatsun ta baya ka ce ya buɗe, za ka ji wata tsokar daban ta motsa. Akwai wani matashi da na yi wa wannan gwaji, ya daɗe yana kallon dungunsa yana tsukewa yana saki, sannan ya ɗago kai ya ce da ni: “Likita, ashe bai mutu duka ba.” Daga ranar ce ya fara zuwa atisaye ba tare da an roƙe shi ba.

Duk lokacin da tsoka ta tsuke, takan fitar da ɗan lantarki ƙanƙane ƙwarai, wanda ake iya tsinta a saman fata da wasu ’yan faya-fayan ƙarfe da masu sana’ar ke kira ilektirod. A kan wannan aka gina hannun roba mai batir, kuma ba sabon abu ba ne. Wani ɗalibi Bajamushe mai suna Reinhold Reiter ya ƙera irinsa tun a shekarun 1940, masana a Tarayyar Sobiyet kuma suka fito da nasu wajen 1960. Tsohon tsarin, wanda har yau shi ne ya fi yawa a kasuwa, faifai biyu ne kawai, ɗaya a kan tsokar rufewa, ɗaya a kan ta buɗewa. Idan mai hannun yana son ya bar buɗewa da rufewa ya koma juya wuyan hannu, sai ya tsuke tsokokin biyu a lokaci guda domin ya sauya aiki, kamar mai canza giya a mota, abin da ke gajiyar da mutum idan aikin ya yi yawa.

A nan ne ƙirƙirarriyar basira ta shigo. A sabon tsari ana zagaye dungun da faya-fayai kamar takwas, sai a zaunar da mutum a ce ya yi tunanin dunƙulewa, ya yi na buɗewa, ya yi na tsinke abu da ɗan yatsa da babban yatsa, ya yi na juya tafi sama da ƙasa, kowanne sau da yawa. Kowane motsi yana da irin yadda yake kunna tsokokin, wannan ta yi ƙarfi, waccan ta yi sanyi, kamar yadda kowace kalma take da sautinta. Wata ’yar kwamfuta da ke cikin hannun tana koyon waɗannan bambance-bambance daga misalan da aka ba ta, daga baya idan ta sake jin irinsu sai ta gane abin da ake nufi ta umarci injin yatsun. Kamfanin Coapt na Amurka da Ottobock na Jamus duk suna sayar da irin wannan tsari. Ka lura cewa na’urar ba ta karanta zuciyar mutum, kuma ba ta ƙirƙiro saƙon da babu. Tafinta ce kawai tsakanin tsoka da inji, kuma tafinta, kome ƙwarewarsa, ba ya fassara maganar da ba a ji ta da kyau ba. Idan tsokokin dungu suka tsotse saboda zama babu aiki, ko gwiwa ta ƙage, ko fata ta cika da tabo mai ciwo, to babu basirar da za ta gyara wannan.

Akwai kuma matsalar da masu tallar ba sa faɗa, wadda ta fi shafar mu mutanen Kebbi. Saƙon da faya-fayan ke tsinta yana canzawa idan mutum ya yi gumi, ko soket ɗin, wato kwanson da ake zura dungu a ciki, ya ɗan goce, ko ya ɗaga hannu sama maimakon ya sauke shi, ko tsoka ta gaji. Idan haka ta faru sai hannun ya yi abin da ba a sa shi ba, ya saki kofi ko ya ƙi buɗewa, sai an sake koya masa. Ka auna wannan da zafin watan Afrilu a nan, lokacin da yanayi ke haura digiri 40, ka haɗa da ƙurar hunturu da ke shiga kowace kafa, da ruwa da laka na fadama da yawancin waɗannan hannuwa ba sa jurewa, da batirin da ke son caji kusan kullum a ƙauyen da wuta ba ta tsayawa.

Ga wanda aka yanke wa hannu sama da gwiwa ko daga kafaɗa, tsokokin yatsu sun tafi gaba ɗaya, jijiyoyin ne suka rage ba su da inda za su sauke saƙo. Likitoci biyu a birnin Shikago, Todd Kuiken da Gregory Dumanian, sun samo dabarar ɗauko waɗannan jijiyoyi a dasa su cikin wata tsokar da ta rage. Wanda aka fara yi wa, a 2002, shi ne Jesse Sullivan, ma’aikacin layin lantarki da wuta ta cinye wa hannu biyu har kafaɗa. An dasa jijiyoyin hannunsa a tsokar ƙirji, bayan ’yan watanni idan ya yi nufin dunƙule hannu sai wani sashe na ƙirjinsa ya motsa, faifan da ke wurin ya tsinci saƙon. Daga baya an gano cewa wannan tiyata tana rage ciwon ƙullutun da kan fito a bakin jijiyar da aka yanke. Ƙanenka ba ya cikin masu buƙatar ta domin sarrafa hannu, amma idan ya fara jin wani wuri guda a dungun yana fizgarsa kamar wutar lantarki duk lokacin da aka taɓa, a gaya wa likitan ƙashi.

Babban giɓin da ya rage shi ne ji. Hannun da Allah Ya halitta yana gaya maka nauyin ƙwai da santsin sabulu ba tare da ka duba ba, na roba kuwa sai ka kafa masa ido. A 2013, a birnin Rum na Italiya, an dasa ’yan wayoyi a cikin jijiyoyin wani mutumin Denmak mai suna Dennis Aabo Sørensen, ya iya bambance abu mai tauri da mai laushi idonsa a ɗaure, amma bayan wata guda aka cire wayoyin domin gwaji ne. A Suwidin an ci gaba fiye da haka, inda ake kafa ƙarfen titaniyom a cikin ƙashin dungu a ɗaura hannun a kansa ba tare da soket ba, wayoyin su bi ta cikin ƙarfen zuwa tsoka da jijiya, kuma akwai ’yan mutane ƙalilan da suka yi shekaru suna rayuwa da shi a gidajensu. Sai dai ƙarfen da ya huda fata ƙofa ce a buɗe ga ƙwayoyin cuta har abada, ba kuwa zan so haka ga mai shiga ruwan fadama ba.

Ina kyautata zaton bidiyon da ka gani na wani fanni ne daban, wato dashen na’ura a cikin ƙwaƙwalwa, kuma wannan ba don masu dungu aka yi shi ba. An yi shi ne domin waɗanda lakarsu ta tsinke ko cuta ta raba ƙwaƙwalwarsu da jikinsu, waɗanda ba su da tsokar da za a saurara, sai an je tushen saƙon. A 2004 aka dasa wa wani matashi Ba’amurke mai suna Matthew Nagle wani ɗan faifai da bai wuce milimita 4 ba, mai ɗauke da allurai kusan 100, ya riƙa motsa kibiyar kwamfuta da tunani. A 2012 aka wallafa labarin Cathy Hutchinson, wadda ta yi kusan shekara 15 a shanye, ta sarrafa hannun mutum-mutumi ta kai gorar kofi bakinta. A jami’ar Pittsburgh an mayar wa Nathan Copeland jin taɓawa ta hanyar aika ɗan lantarki ƙwaƙwalwarsa, sai lokacin da yake ɗauka wajen ɗaukar abu ya ajiye ya ragu daga kusan daƙiƙa 20 zuwa kusan 10. Wanda ya fi taɓa min zuciya shi ne Gert-Jan Oskam, mutumin Holan da ya yi haɗarin keke a ƙasar Sin a 2011. Grégoire Courtine da Jocelyne Bloch, a birnin Lozan na Suwizalan, sun sa masa na’ura a kan ƙwaƙwalwa da wata a kan laka ƙasa da wurin raunin, ƙirƙirarriyar basira tana fassara niyyarsa tana tsallakar da ita kamar gada, har aka bayyana a 2023 cewa yana tsayawa, yana tafiya, yana hawa matakala da abin dogarawa. Abin mamakin shi ne bayan dogon horo ya samu ɗan ikon takawa da sanduna ko da an kashe na’urar, alamar cewa jijiyoyin da suka tsira sun koyi sabuwar hanya.

Duk waɗannan gwaje-gwajen bincike ne a kan mutane ƙalilan da aka zaɓa, ba kaya ba ne da mutum zai je da kuɗinsa ya saya. Ko kamfanin Neuralink na Elon Musk, da ya fi kowa suna, sai a Janairun 2024 ya yi dashensa na farko a jikin mutum, Noland Arbaugh, kuma cikin ’yan makonni da yawa daga cikin zarurrukan 64 da aka cusa suka zame daga mazauninsu, sai da injiniyoyi suka sauya lissafin manhajar kafin aikin ya dawo. Akwai kuma darasin kamfanin Second Sight, wanda ya dasa wa makafi fiye da 350 na’urar gani a ido, daga baya ya daina ƙera ta ya shiga matsalar kuɗi wajen 2020, ya bar mutane da na’ura a jiki babu tabbacin mai gyara.

Game da Hajiya, a 2019 an fitar da sakamakon wani babban gwaji a Birtaniya da ya ƙunshi masu shanyewar ɓarin jiki 770, aka tarar cewa horar da hannu da mutum-mutumi bai fi kulawar da aka saba ba wajen dawo da aikin hannun. Abin da ke gyara ƙwaƙwalwa bayan shanyewa shi ne maimaita aiki mai ma’ana sau ɗaruruwa, inji kuwa hanya ce kawai ta samun wannan maimaicin. Ku sa ta riƙa ƙoƙarin ɗaukar kofi, da jan carbi, da tsince wake da hannun da ya shanye, kullum, ku daina yi mata duk abin da za ta iya fafutukar yi da kanta ko da a hankali ne, ku kula da maganin hawan jini, kada kuma a riƙa jan ta ta wannan hannun wajen tayar da ita, domin kafaɗar na iya gocewa.

Mu koma kan ƙanenka. Hannun da yatsunsa biyar ke motsi daban-daban yakan kai dala dubu 20, wasu su ninka haka, ban da kuɗin tafiya, kuma kuɗin ba ya ƙarewa a ranar saye, domin safar roba tana yagewa, batir yana mutuwa, yatsa yana karyewa, dungu kuma yana ramewa a shekarar farko har soket ya yi masa yawa. Na san wani magidanci da ’yan’uwa suka haɗa kuɗi aka sayo masa hannu mai batir daga waje ta hannun wani dillali, aka aiko da shi a kwali da awon da aka ɗauka da zaren tela. Bai yi wata uku ba fatar dungun ta saluɓe, sannan injin babban yatsa ya tsaya, ba a samu mai buɗe shi ba. Ranar da ya zo wurina ya fito da hannun daga cikin jakar buhu, a naɗe cikin tsohon ɗankwali, yana tambaya ko akwai mai saye. Soket ba a aikensa, sai an zauna da mutum an ɗauki siffar dungunsa da filasta, an gwada, an rage nan an ƙara can, shi ya sa a wannan sana’a zuwa da kai ya fi aike. Ko a ƙasashen da ake da kuɗi da masu gyara, bincike ya nuna kusan mutum ɗaya cikin huɗu na manyan da aka ba hannun roba yakan ajiye shi, saboda nauyi da zafi da rashin amfani.

Ga manomi, shawarata ita ce ya fara da hannun da ƙarfin jiki ke ja. Wannan yana da maɗauri da ke zagaya kafaɗa da wata waya da ke zuwa ƙugiya mai baki biyu, idan ya tura kafaɗa gaba ƙugiyar ta buɗe, idan ya saki ta kama. Ba ya son caji, ba ya tsoron ruwa, mai gyaran babur zai iya canza masa waya, kuma ta jan wayar mutum yana jin ƙarfin riƙonsa. Kada ka raina shi. A gasar Cybathlon da aka yi a Zurik a 2016, inda aka gwada hannuwan roba a ayyukan yau da kullum irin su shanya kaya da yanka burodi, wanda ya zo na ɗaya, Robert Radocy, da irin wannan hannu mai waya ya doke masu batir. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Na san ƙugiya tana da nauyi a zuciyar saurayi mai neman aure, kuma wannan damuwa ce ta gaskiya da ba na wasa da ita. Ana iya cire ƙugiyar a ɗaura hannun ado domin zuwa masallaci da taro, kuma a yau akwai wani mai sassaƙa a Uyo, John Amanam, da ya yi suna wajen ƙera gaɓoɓin roba masu launin baƙar fata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 35 zuwa 40 ne ke buƙatar gaɓar roba ko abin tallafar gaɓa a duniya, kuma ɗaya cikin goma ne kawai ke samu, saboda haka ko wannan mai sauƙin sai an tashi tsaye an nema. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano yana da sashen ƙera gaɓoɓi, kuma likitan da ya yi tiyatar zai iya ba ku takardar turawa.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka aikin ya fara tun yau. Ku je sashen gashin ƙashi a Birnin Kebbi a koya muku naɗe dungu da bandeji mai talewa, naɗin gicciye da ya fi matsewa a ƙasa ya sassauta a sama, domin kumburi ya sauka dungun ya yi siffar da soket zai zauna. Ya riƙa miƙe gwiwar har ƙarshe yana lanƙwasawa, yana juya dungun sama da ƙasa, yana ɗaga kafaɗa sau da yawa a rana, kada ya bar hannun a rataye cikin riga. Ya riƙa shafa bakin dungun da auduga, daga baya da tawul, daga baya ya cusa shi cikin kwanon gero ko shinkafa, har fatar ta saba da taɓawa. Sannan safe da yamma ya yi atisayen nan na dunƙule hannun da babu da buɗe shi, kowanne daban, a hankali da kuma da ƙarfi, domin waɗannan tsokoki su ne za su yi magana da hannu mai basira in Allah Ya kawo lokacin da farashinsa ya sauko kuma aka samu masu gyaransa a kusa. Kada a jinkirta sa masa hannun farko, domin wanda ya saba da yin komai da hannu ɗaya na tsawon shekara yakan ƙi karɓar na roba daga baya.

Idan yana kukan cewa yatsun da aka yanke suna masa zafi ko ƙaiƙayi, ku gaskata shi, kada a ce aljanu ne ko taɓin hankali, domin mafi yawan waɗanda aka yanke wa gaɓa suna jin haka, ƙwaƙwalwa ce ba ta goge hoton hannun ba. Akwai dabarar madubi da likita V. S. Ramachandran ya fito da ita a shekarun 1990, wadda ke taimakon wasu. A tsayar da madubi a gabansa a kan tabarma, gefensa na kallon ƙirjinsa, dungun a ɓoye a bayan madubin, hannun hagu a gaba, ya riƙa buɗe hagun yana rufewa a hankali yana kallon hotonsa kamar shi ne na daman, minti 10 zuwa 15 a kowace rana. Idan aka yi mako huɗu ciwon bai sassauta ba, ko yana hana shi barci, ku koma wurin likita, akwai magungunan ciwon jijiya da suka bambanta da na ciwon jiki da ake saya a kemis.